Ba da Yawun Kaka Ba

Yashi na fara gani. Da mai babur ya sauke ni a bakin lungunmu, sai na tarar an zube farin yashi tun daga ƙofar zaure har gindin dalbejiya, an baje shi, an shimfiɗa tabarmi a kai. Wurin nan kullum taɓo ne idan damina ta yi nisa. A nan Kaka yake naɗe ƙafar wandonsa yana tsallake kwatami yana mita. Yashin bai gama bushewa ba. Da na sunkuya zan cire takalmi na ga ƙananan ɓawon katantanwa a ciki, har da wata 'yar ƙayar kifi siririya. Ban tambayi kowa ba na san daga inda aka ɗebo shi. Daga baya na ji cewa masu injin haƙar yashi ne suka aiko da tifa guda, wai gudummawarsu ce, don masu ta'aziyya su sami wurin zama.

Kaka, mahaifin babana, ya rasu ranar Talata da hantsi. Ni sai Laraba aka ɗauko ni daga makarantar kwana, an riga an kai shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan.

Maza sun cika tabarmi. Na ratsa ta gefe kaina a ƙasa, ina jin ana cewa, "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" Baba yana amsawa da muryar da ta dushe, "Haƙuri sai ma'aiki, mun gode." Mutum ɗaya ne bai zauna ba. Aminin Kaka ne, tsohon da suka yi shekaru suna su a kwale-kwale ɗaya. Yana tsaye can inda yashin ya ƙare, ƙafafunsa cikin taɓo. Baffa, ƙanen Baba, ya yi ta nuna masa tabarma, ya ƙi. A tsaye ya yi addu'a, a tsaye ya shafa. Da zai tafi sai ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Ni na yafe masa duniya da lahira. Sai dai har in bi shi ba zan gane abin da ya yi mana ba."



A cikin gida mata sun cika tsakar gida. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda take suyar kifi a bakin gada, ta rungume ni tana kuka, zaninta yana ƙamshin mai da yaji kamar kullum. "Amaryarsa ta zo," in ji ta, "ga amarya, babu ango." Aka sake fashewa da kuka. Na zauna a bayan randa inda ba a cika gani na ba. Wasu mata biyu maƙwabtanmu suna tsince shinkafar sadaka a kusa da ni.

"Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Sai dai taurin kai."

"Taurin kai a baki dai. Wa ya kai shi zagin injin nan? Ƙarshenta ba ta gonarsa aka shiga ba?"

"Ke, yi a hankali, gawa ce."

"Ai ban ce komai ba. Allah ya jiƙansa. Kowa da ranar da yake saukowa."

Na sa fuskata cikin hijabi. Suka ɗauka kukan rashi nake yi. Akwai shi a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. A zatona duk gidan nan ni kaɗai na san Kaka bai taɓa saukowa ba. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ni ba mai magana ba ce, a aji ma sai malami ya kira sunana sau biyu nake ɗaga kai. Amma rubutu ina iyawa.

Kaka masunci ne tun tasowarsa. Gajere ne, baƙi, yana da wani tabo a babbar yatsarsa ta hagu inda ƙayar tarwaɗa ta taɓa shiga. Idan yana ɗinkin birgi, ragar da yake jefawa, yakan maƙale zaren a babbar yatsar ƙafarsa, ya miƙe ƙafar, rediyo na rataye a ƙusa saman kansa. Ba ya cin kifi da cokali, ba ya kuma yarda a zubar da kan kifi. Idan ƙananan kifi suka shigo masa raga, ɗaya bayan ɗaya yake cire su ya mayar ruwa, yana ce musu, "Ku koma, ba ku nake nema ba, iyayenku nake nema." Masunta matasa suna yi masa dariya saboda wannan, don su har 'yan mitsi-mitsin suke kwashewa.

Idan ruwa ya ci mutum, gidanmu ake fara zuwa. Ko yana cin abinci ne zai ajiye, ya ɗauki gorar da yake iyo da ita ya tafi. Na taɓa ganin wani baƙo da aka ciro masa gawar ɗansa ya biyo Kaka har gida da tunkiya a ɗaure. Kaka ya ce ya mayar da ita ya yi wa yaron sadaka. Mutumin ya nace, Kaka ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, bai fito ba sai da ya ji tunkiyar ta yi nisa da kuka.

Ni kuwa amaryarsa ce, kamar yadda kowane kaka yake kiran jikarsa. Kullum da abin da zai tsokane ni da shi.

"Amarya, yau ma babu tuwo? Wannan aure dai na gaji da shi. Gobe zan rubuta miki takarda."

Ni sai in rufe baki ina dariya.

"Kun gani ko? Kurma aka aura mini. Ko da yake ya fi mini, ta baya surutunta ne ya tsofar da ni."

Amma bai taɓa sa ni jin cewa shiruna aibi ne ba. Idan ya tafi da ni bakin kogi yakan ce in zauna in duba ruwa in gaya masa abin da na gani. In ce ban ga komai ba. Ya ce in ƙara dubawa. Can sai in ce ga wasu 'yan kumfa suna tasowa a jere kusa da ciyawa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Tarwaɗa ce take numfashi. Babanki ya shekara nawa yana bin kogin nan, bai taɓa ganin wannan ba."

Ko wannan ma ba "babanki" yake cewa ba, na rubuta haka ne don a gane. "Wancan" yake cewa. Baba ɗan fari ne, kuma Kaka mutumin da ne a wajen kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba sa zama tabarma ɗaya, ba sa cin abinci tare. In Baba ya zo gaishe shi da safe, daga bakin ƙofa zai durƙusa, Kaka ya amsa yana kallon bango. Ba faɗa ba ne, haka suka taso. Duk maganar da ta wuce gaisuwa sai an sami mai kai ta. Da Iya ce, kakata mace, take kaiwa ta kawo. Da ta rasu sai aikin ya faɗo kaina, saboda Kaka ya ce ni ba na ƙari a magana. "Je ki gaya wa wancan rufin rumbu yana yoyo." "Je ki gaya wa kakanki an sami mai gyara." Taku ashirin ne tsakanin zaure da ɗakin Baba. Na sha ƙirga su.

Wata rana ina zaune ina riƙe masa bakin raga, aka yi wani shiri a rediyo. Labarin wata ƙasa ce ta tsibirai a tsakiyar teku. Wai mutanenta ba su da abin dogaro sai baƙi da suke zuwa daga nesa don ganin ruwansu mai haske da kifayen da ke ciki. Sai aka ce akwai man fetur a ƙarƙashin tekun, kamfanoni suna so su haƙa. Masuntan wurin da masu masaukin baƙi da masu sayar da abinci suka haɗu suka ce ba su yarda ba, don in mai ya tsiyaye sau ɗaya, baƙon da ya tafi ba zai dawo ba. Kaka ya saki zare. Ya ƙara murya. Da shirin ya ƙare ya juyo gare ni.

"Amarya, kin ji mutanen nan? Ashe muna da 'yan'uwa a can. Su ma baƙo ne abincinsu. Mu nan wa yake cin kifinmu? Ba mai mota ba ne da ya taso daga Kano zai wuce gabas, ya ce sai ya tsaya ya ci kifin Wudil? In ya ciza sau ɗaya ya ji warin gas, kin ga ya sake taka burki a nan?"

Ya ce in tambayo masa malaminmu sunan ƙasar da inda take a taswira, da kuma ko mutanen sun yi nasara. Kwana uku ina zuwa bakin ofishin malamai ina komawa. A ƙarshe na ce masa malam bai sani ba. Ya ce, "To, su ma malaman ashe da sauransu."

Abin da ya sa labarin ya kama shi shi ne a lokacin ne masu injin yashi suka fara zuwa unguwarmu. Ɗiban yashi ba sabon abu ba ne a kogin nan, da shebur da kwando ake yi tun da. Wannan kuwa inji ne da ake ɗorawa a kan durom-durom a tsakiyar ruwa, da wani ƙaton bututu yana zuƙo yashi daga ƙasan kogi. Kaka ya je har inda aka kafa irinsa a ƙasa da mu ya gani da idonsa. Ya dawo ya ce ya ga mai yana shawagi a kan ruwa launi-launi, ya ga ramukan da ko shi ba zai nutsa ya taɓo ƙasansu ba, kuma daidai wurin da kifi yake ƙwai suke so su kafa namu.

Aka yi taro a ƙofar gidan mai unguwa. Mu yara da mata muna leƙe ta katanga. Kaka ya miƙe ya ba da labarin tsibiran nan tun daga farko. Ya ce mutanen da ruwa ya kewaye ta ko'ina sun iya cewa a'a ga fetur, mu yashi ne zai gagare mu? Wani saurayi ya ce, "Baba, mene ne sunan ƙasar?" Kaka ya ce ya manta. Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar aka sa masa suna Tsibiri. Amma tsofaffin masunta sun tsaya a bayansa, amininsa a gaba. Kuma akwai abu guda da ya ba su ƙarfi. Gaɓar da ke ɓangarenmu duk laka ce, tifa ba za ta iya sauka ba sai ta wata 'yar gona mai tsauri da ta miƙe har bakin ruwa. Gonar Kaka ce. Mutane suka riƙa cewa muddin Tsibiri yana numfashi, inji ba zai shigo ba.

Sunan ya bi ni har makaranta. Lokacin ina aji uku a makarantar jeka-ka-dawo. "Jikar Tsibiri, yaushe za ku koma ƙasarku?" Wata ta toshe hanci ta ce dama tana jin ƙarni, ashe daga teku na zo. Wata rana mun taso, muka tarar da Kaka a bakin titi ya tare wani direban tifa yana yi masa bayani, rediyonsa a hammata, yana nuna kogi da hannu. 'Yan ajinmu suka tsaya kallo suna dariya. Ya hango ni ya ɗaga hannu. "Amarya!" Na ja hijabi na rufe fuska na wuce kamar ba da ni yake ba. Da na dawo gida bai tayar da maganar ba. Ya dai ce rana ta yi zafi yau, ido ba ya gani sosai.

A satin ne Baba ya kira ni ɗakinsa bayan la'asar. Sana'ar su ta daɗe da daina riƙe gida, Baba ya gwada teburin kayan masarufi bai yi ba. Masu injin sun ce in aka ba su hanya ta gonar, shi za su ɗora a kan kula da wurin. Yana zaune a bakin gado, hularsa a gwiwa yana ta juya ta.

"Je ki gaya wa kakanki mutanen nan sun sake dawowa. Ki ce masa ko mun ba su ko ba mu ba su ba, wata rana za su sami hanya ta wani wajen. Ki ce ina neman izininsa."

Na tarar da Kaka a zaure yana ɗinki. Na faɗa masa. Rannan bai kira ni amarya ba. Ya ci gaba da ɗaure ƙulli har guda biyar.

"Ki ce masa gona tasa ce bayan raina. In ya matsu ba zai jira ba, ya yi abin da ya ga dama. Amma ba da yawuna ba. Maimaita in ji."

Na maimaita.

"Sake faɗin na ƙarshen."

"Ba da yawuna ba."

"Je ki."

Ban san a taku na nawa na yanke shawara ba. Ina dai tuna cewa na tsaya a gindin turmi na gyara takalmina da bai kwance ba. Ina tunanin fuskar Baba in ya ji, da yadda zai sake aiko ni, Kaka ya sake mayar da ni, in yi ta kai da kawowa da maganganu masu zafi a bakina. Ina kuma tunanin 'yan ajinmu. Gaskiyar ita ce so nake a gama. So nake a daina kiran kakana Tsibiri, a daina kirana jikarsa. Da na shiga Baba ya ɗago kai da sauri.

"Me ya ce?"

"Ya ce gona taka ce. Ka yi abin da ka ga ya dace."

"Haka ya ce?"

"E."

Na mayar da "dama" ta koma "dace", na haɗiye sauran, har da kalmomi huɗun ƙarshe. Abin da na yi ke nan. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya sa hularsa ya fita.

Bayan kwana kaɗan Kaka ya fita da safe zai duba tumatirinsa, ya tarar da katafila tana share hanya ta tsakiyar gonar. Waɗanda suka gani sun ce ya tsaya ne kawai, hannayensa a baya, har aka ture bishiyar gwaibar da Iya ta dasa. Sannan ya juyo gida. Masunta suka biyo shi zaure, amininsa yana gaba.

"Mene ne wannan? Kai ka ba su?"

Kaka ya kawar da kai.

"Ka yi magana mana! In yaron nan ne ya yi gaban kansa, ka faɗa, mu san da wa za mu yi."

Ina bayan ƙofa ina jira ya faɗa. Da ya faɗa da asirina ya tonu a take, kuma da ya fi mini. Amma mutumin da bai taɓa ambaton ɗansa na fari a gaban mutane ba ko don yabo, ta ina zai ambace shi don ya tona masa asiri? Ya ce, "Abin da ya faru ya faru. Ku yi haƙuri." Amininsa ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce, "Ashe mu ne wawaye," ya fita. Bai sake taka gidanmu ba sai ranar da na gan shi tsaye a cikin taɓo.

Da yamma Kaka ya kira ni.

"Amarya, kin isar da saƙona kuwa?"

"Na isar."

"Duka?"

"Duka."

Ya dube ni. Idanunsa sun fara yin fari-fari a gefe, ban taɓa lura ba sai rannan. Ya ce, "To, shi ke nan. Je ki sha iska." Ya yarda da ni. Ko daƙiƙa ɗaya bai yi shakka ba, don ni ce ba na ƙari a magana. Ya zauna da cewa ɗansa ya ji, ya take maganarsa.

Daga nan ya daina aike na. Baba yana zuwa gaisuwar safe, Kaka yana amsawa yana kallon bango kamar yadda aka saba, wanda bai sani ba ba zai ga bambanci ba. Ni na gani. Da yakan ƙara da "an tashi lafiya?" Yanzu "lafiya" kawai. Ya daina zuwa majalisar masunta. Aka daina kiransa Tsibiri, abin da na nema na samu. Sabon sunan da aka ba shi a bayan ido ba zan rubuta shi ba. Ƙarar injin tana shigowa har zaure, sai ya ƙara muryar rediyo.

Abin da ya faɗa kuma bai faɗi ƙasa ba. Wata ranar Juma'a ina taya Gwaggo a rumfarta, wani mai mota ya dawo da kifin da ya saya a cikin takarda, ya ce ta shinshina. Ta shinshina, ta ba shi haƙuri. Yanzu kifin kiwo take sarowa daga masu kududdufi. In matafiyi ya ce, "Na kogi ne ko?" sai ta ce, "Ga kogin nan kana gani," ta kawar da kai.

Ranar da zan tafi makarantar kwana Kaka ya ba ni busasshen kifi ƙunshe a jarida. Ya ce na nesa ne, daga sama da gada ya sa aka kamo, ba shi da wari. "Ki ci a ɓoye, kada 'yan birni su ce mijinki matsiyaci ne." Na durƙusa in yi masa sallama, saura kaɗan in faɗa masa gaskiya. Na ce a raina sai hutu. Hutun da ya zo na ce sai na gaba. Kafin na gaban ya zo aka ɗauko ni zaman makokinsa.

Kwana huɗu ina zaman makoki ina jin mutane suna yi masa addu'a da "amma" a ƙarshe. Yau da la'asar, da baƙi suka ragu, na ga Baba ya shiga ɗakin Kaka shi kaɗai. Ban taɓa ganin ya wuce bakin ƙofar ɗakin ba. Na bi shi. Yana zaune a ƙasa, birgin Kaka a cinyarsa, yana laluben inda ɗinkin ya tsaya.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

Na faɗa masa duka, ina kallon tabarma. Na maimaita saƙon yadda Kaka ya ba ni, kalma bayan kalma, har na ƙarshen. Na jira mari, ko tsawa. Babu wanda ya zo. Da na ɗago sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

"Ke kina tsammanin ban san bakin mahaifina ba?" in ji shi. "Yaushe ya taɓa cewa 'abin da ya dace'? Wannan Hausar 'yan makaranta ce. Tun kafin ki rufe baki na san ba tasa ba ce."

"To me ya sa ba ka sake aike na ba?"

"Don kada ki dawo da ta gaskiyar."

Daga kogi injin yana ta aiki.

"Na ce a raina, ai yarinya ce ta faɗa, in an tambaye ni ga abin da aka gaya mini. Na ɓuya a bayanki, ke 'yar ƙanƙanuwa. Shi kuma ya rufa mini asiri har ya shiga ƙasa." Ya share fuska da hannun riga. "Tashi ki je. Ba ki da laifi."

Ban tashi ba. Ina da laifi, kuma ba na so a karɓe mini shi da sauƙi haka. Injin ba zai fita don mun yi kuka a ɗaki ba, na sani, gwaibar Iya ma ba za ta dawo ba. Abu ɗaya ne ya rage da za a iya mayar wa Kaka, kuma gobe ne sadakar bakwai, ranar ƙarshe da mutanen nan za su taru saboda shi.

"Baba, ina roƙon abu ɗaya."

"Faɗi."

"Ka aika a kira amininsa gobe, da sauran masunta. Idan an shafa fatiha, kafin kowa ya ɗauki takalminsa, ka miƙe ka gaya musu abin da Kaka ya ce, da abin da na kawo maka."

"A gaban mutane? Kin san abin da za a ce da ni? Kin san abin da za a ce da ke?"

"Na sani. In ba za ka iya ba, ka ba ni izini in tsaya a bakin zaure in faɗa da kaina. Sai dai ka sa a yi shiru, don muryata ba ta da ƙarfi."